Abin da Mataji Ya Kwaso

Wata huɗu da haihuwar Nasiba
na zauna gaban Tabawa mai kitso a Gangare,
kaina tsakanin gwiwoyinta,
yarinya na tsotso, ruwa na dukan kwanon rufi.

Ta ja mataji sau ɗaya, ta yi shiru.
Ta ja na biyu, ta miƙo mini tafin hannu:
baƙin dunƙule kamar sheƙar tsuntsu.
Ta ce, "Duk naki ne. Wa kika ɓata wa rai?"

Na yi dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba.
Shekara tara ina ɗakin gwajin jini,
ina manna suna a kwalba, ina karanta lamba.
Na rubuta furolaktin ya fi sau dubu
a takardun matan da ban san fuskarsu ba.
Yau ga darasin a hannun da ke warin man kaɗanya.

Na ce, Tabawa, babu mai hannu a ciki.
Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka,
ba ta fi ƙwayar wake ba,
ita ke aika manzo ta cikin jini: a kawo nono.
Duk tsotson yarinyar nan kira ne, ana amsa mata.
Sai dai manzon ba ƙofa ɗaya yake bugawa ba,
saiwar gashi ma tana da kunne.

Kowane sili da nasa lissafin kwana.
Yakan shekara biyu, uku, har fiye, yana tsawo,
sai ya janye saiwa a hankali,
ya kwanta hutun wata uku,
ya faɗi ranar da ƙanensa ya turo kai daga ƙasa.
Da ina da ciki, jinina ya hana kowa tafiya,
kan nan ya cika kamar Farin Gada da hantsi.
Da na sauka, masu tsaron ƙofa suka watse,
shi kuwa manzon nono yana cikin masu cewa
a naɗe tabarma, kasuwa ta tashi.
Ba shi kaɗai ba ne. Masu bincike ma
ba su gama raba wa kowa alhakinsa ba.

Har tumakin ƙasashen sanyi, na ce mata,
idan yini ya yi tsawo, shi ke raɗa musu
su tuɓe bargon da suka kwana da shi.

Tabawa ta taɓe baki, ta lakato mai.
"Duk wannan dogon karatu, saura kike nufi.
Babana ya yi noman dankali bakin ramin kuza,
gonar da ya bari ta huta ba mutuwa ta yi ba."

Ta bi goshina da ɗan yatsa, tana lalube
kamar mai neman allura a tabarma.
Ta tsaya. "Ga su nan. Jarirai.
Su ma yanzu aka haife su, kada a tashe su."
Ranar ba ta yi mini shuku ba,
kalaba shida ta kama, sako-sako,
ta ƙi karɓar cikon kuɗin.

Dunƙulen ta naɗe a takarda ta tura mini jaka.
Ta yarda da bayanina, in ji ta,
amma gashi ba a barinsa a tsakar gidan wani.

Ran Litinin na koma aiki, ɗankwali har gira.
Kwalba ta bakwai, wata daga Bukuru,
shekara ashirin da shida, lambarta ta haura.
Ban sani ba ko goyo take, ko wani abin ne daban.
Na riƙe kwalbar fiye da yadda aiki ya nema,
gabana yana tsatsafo da nono,
ina tunanin wa ke taje mata kai,
da abin da ake faɗa mata idan mataji ya dawo cike.